Jirgin da Aka Shanya a Rana

Jatau ya shanya jirgin a kan kwanon ɗakinsa ranar Litinin, rana ta lalata shi. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ba shi shawara. Fenti ne ya ƙi bushewa har kwana biyu, shi kuwa tun da aka haife shi bai san wata hanyar busar da abu ba in ba rana ba. Barkono a rana, kuɓewa a rana, fata a rana. Rediyon da ruwa ya shiga ma, buɗe ta yake yi ya kife a rana, don gyaran rediyo ce sana'arsa a kasuwar Ƙaura Namoda. Sai ya jingina tsani, ya ɗora jirgin a tsakiyar kwano, ya tafi azahar, daga masallaci ya wuce rumfa. Tsakiyar bazara ce, lokacin da ko kaza ba ta taka ƙasa da rana sai da gudu.

Da ya dawo bayan la'asar ya hau tsanin, bai gane abin da ya ajiye ba. Daɓen jirgin, wato shimfiɗar sama inda mutane ke takawa, ya kanannaɗe kamar fatar da aka manta a bakin murhu. Bindigogin sun sunkuyar da kai. Sandar tsakiya ta kwanta. Ya kai hannu, robar ta ƙone masa yatsa, bai ma janye ba. Aikin kwana goma sha takwas ke nan, kuma ranar Lahadi matarsa Kulsumu za ta dawo ta gani.

Ga yadda jirgin roba ya shigo gidan mai gyaran rediyo. Murtala, ɗan farin Jatau da Kulsumu, sojan ruwa ne, shekararsa shida a Legas. Wata biyu kafin wannan Litinin wani abokin aikinsa ya sauka a Ƙaura da akwati da takarda. Iska ta taso musu a teku, Murtala ya faɗa ruwa, an neme shi kwana uku ba a gan shi ba. A akwatin akwai kayan sarki, da sallaya, da wani kwali mai hoton jirgin yaƙi. Abokin ya ce a wata ƙasa Murtala ya sayo shi, jirgi ne gutsi-gutsi da ake harhaɗawa, kuma ya yi kama da nasu ƙwarai. Ya ce Murtala yakan ce, babana in ka zubo masa rediyo a buhu sai ya tashe ta ta yi magana, shi zan kai wa wannan.

Kulsumu ta ƙi karɓar gaisuwa. Babu gawa, babu likkafani, babu kabari. Liman ya ce su a nan ba su saba sallatar wanda ba ya gabansu ba. Matasan malamai suka ce ya halatta. A shekarar kuwa, da aka fara shari'a a jihar, ba abin da ba a yi masa muhawara, kafin su gama an yi bakwai an watse. Mata na shigowa su ce Allah ya jiƙansa, sai ta juya fuska bango. Daga nan ta bar tuwo, ta bar fura. Magana mai tsawo guda ɗaya ta yi wa mijinta.

"Malam, ruwan da na sani Gagare ne, Gagare kuwa in ya ci mutum yana maido shi. Ban ga gawa ba. Ban ga rami ba. Ko inda yaron nan yake kwana ban sani ba. Wace mutuwa kake so in karɓa?"

Ya kawo mata kwalin ya nuna mata hoton. Ta ce takarda ce. Shi ne ya yi mata alkawari, da bakinsa, gaban ƙanenta Shu'aibu: za ta ga jirgin a tsaye, ta taɓa da hannunta, ya nuna mata inda yaron ke kwana da inda ya tsaya ranar. Ita kuma za ta bi Shu'aibu zuwa garinsu Ɗan Isa, matarsa ta riƙa ba ta kunu, har ranar da aka yanke. A kan wannan ta yarda ta buɗe baki.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. Takardar da ke cikin kwalin ba Hausa ba ce, ba ajami ba, Sodangi mai gyaran keke ma ya ce ba Turanci ba ce. Jatau a aji uku ya bar makaranta, amma lamba dai ya sani, kuma kowane guntu da lambarsa. Gutsattsarin suna maƙale jikin wasu sandunan roba kamar 'ya'yan dabino a reshe. Ya riƙa yanko su da reza, ya ɗauka da hantsaki, ya ɗiga gam da tsinke. Wani guntun bai kai ƙwayar gero ba. Sau biyu yana rarrafe a tsakar gida yana neman bindiga a cikin yashi. Ya gama tsaf, tsawon kamu guda, ya shafa masa fentin mai ruwan toka irin na ƙofa. Fentin ne ya ƙi bushewa.

Sodangi, wanda rumfarsa ke jikin ta Jatau shekara ashirin, shi ya fara gani. Ya shigo zaure ya tarar da abin a kan tabarma, ya tsuguna, ya daɗe yana kallo.

"Jatau, wanga jirgi ne ko ganda?"

"Ban kira ka ba."

"A kwano ka aza shi? Roba? Kai da ka san bokitin Alheri mai ƙosai da ta bari a rana yadda ya koma?"

"Na ce ban kira ka ba, Sodangi."

"To na zo. Ka tahi Ɗan Isa ka gaya mata gaskiya. Ka ce ta ƙara maka wata guda."

"In samo wani a ina cikin wata gudan? A Gusau? Ka taɓa ganin irinsa ko a Kano?"

Sodangi bai taɓa gani ba.

Talata Jatau bai buɗe rumfa ba. Ya ɗora ruwa a wuta, ya ɓamɓare saman jirgin a hankali, ya tsoma gangar jikin a ruwan zafi ya matse ta tsakanin bulo biyu. Da yake robarta mai kauri ce, ta miƙe, sai ɗan karkacewa a hanci wanda sai ka sani za ka gani. Ɗakunan sama ma sun tsira. Bindigogi da sandar tsakiya bai damu da su ba, wannan aikinsa ne: ya yanko eriyar tsohuwar rediyo da wayar tagulla ya ƙera wasu, sun fi na da kyau. Daɓen ne. Da ya danna shi ya miƙe sai ya tsage gida huɗu. Kuma duk abin da ke saman jirgin a kan daɓen yake zama, kowanne da ramin da zai shiga, rami fiye da arba'in.

Ya gwada siririn katakon nan mai hawa-hawa da ake yi wa kabad baya da shi. Rami na uku ya ɓare. Ya gwada gwangwanin madara, gam ya ƙi kama shi. Ya kai wa kafinta falanki aka fere masa siriri, kafin magariba ya lanƙwashe kamar cokali, don ɗanye ne. Ya gwada kwali, ya ji kunyar kansa ya yaga.

Laraba da hantsi Shu'aibu ya zo a kan babur. Bai sauka ba ma, ƙafa ɗaya ya kafa a ƙasa.

"Yaya Jatau, ina aikinmu?"

"Yana nan."

"To alhamdu lillahi. Don wallahi Yaya ba ta iya tashi sai an kama ta. Cokali uku take sha da sahe, ta ce saura kwana kaza. Jiya ta sa an wanke mata zanenta na zuwa gida." Ya sassauta murya. "In ba ta ga abin nan ba ranar Lahadi, cokali ukun ma ina jin za ta bari. In leƙa in gani?"

"Fenti bai bushe ba. Ƙura za ka kwaso masa."

Shu'aibu ya tafi. Sodangi da ke zaune a dakali ya ji komai, bai sake cewa a nemi wata guda ba.

Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci, kuma ba abin da mutanen Nijar ba sa shigowa da shi. Jatau ya yage murfin kwalin ya sa a aljihu, ya shiga motar farko. Ya bi layin 'yan koli rumfa rumfa yana nuna hoton. Wani ya ce kalanda ce yake sayarwa? Wani ya ce ya gwada Maraɗi. Wani ya zaro masa kwale-kwalen roba ja, da agwagwa zaune a ciki.

"Alhaji, wanga ma jirgi ne. Har iyo yake yi a baho. Naka na iyo?"

Jatau ya dube shi har mutumin ya mayar da agwagwarsa. Wani Bayarabe mai kayan lantarki shi kaɗai ya gane abin, ya ce sai Legas, a Legas ɗin ma sai an sha yawo. Legas zuwa da dawowa ba ta yiwuwa kafin Lahadi, ko da jirgin ƙasan Ƙaura na nan da ransa, balle ya daina zuwa sai an ga dama.

Rana ta take, ya zauna a inuwar wata rumfa don ƙafarsa ta ƙi tafiya. Ashe rumfar mai sayar da alluna ce. Ya ɗauki ɗaya ya juya. Shafaffe, faɗinsa ya isa, tsawonsa ya isa.

"In na kankare wanga ya koma kamar kaurin farce biyu, zai tsaya a miƙe?"

Mai allon ya yi dariya. "Bana aka sare icen. Ka kankare shi yau, gobe ka ishe shi ya yi ruku'u. Mi za ka yi da shi?"

Jatau ya nuna hoton, ya yi bayani a gajarce. Mutumin ya daina dariya. Ya ce shi saye yake yi ya sayar, amma a Zurmi akwai Ɗanbaba masassaƙi, wanda ya san ice fiye da yadda ya san 'ya'yansa.

Juma'a da safe Jatau na Zurmi. Ɗanbaba tsoho ne ƙwarai, yana zaune cikin ɓawon ice da gizago a cinya. Ya karɓi gangar jirgin ya shinshina, ya leƙa ciki, ya sa aka maimaita masa labarin kwano sau biyu.

"Yaro, shekarunka nawa?"

"Hamsin da biyu, Baba."

"Hamsin da biyu, ka aza roba a kwano da bazara." Ya girgiza kai. "To ji. Duk icen da ke nan wurina, in na fere maka shi siriri haka, sai ya motsa. Ice bai mutuwa da wuri. Wanda kake nema aduwa ce da ta daɗe, ta sha ruwa ta bushe, ta sha ruwa ta bushe, har ta gaji ta bar motsi. Ka huda ta ko sau ɗari ba ta tsagewa."

"Ina ake samunta?"

"Tsohon allo. Wanda aka yi shekaru ana rubutawa ana wankewa. Ban san wani ba."

Bayan an sauko Juma'a Jatau ya tambayi zauren malamin da ya fi kowa ɗalibai, ya yi sallama. Alluna jingine a bango sun fi hamsin, wasu sun yi baƙi don tsufa. Da mai dabara ne, da ya ce jikansa zai sa makaranta. Jatau bai iya wannan ba. Malam ya tambaye shi me zai yi da tsohon allo, ya faɗa masa: zai yanka, ya kankare, ya huda, ya yi wa jirgi daɓe.

Duk zauren aka juyo aka dube shi. Akwai mutum bakwai ko takwas da suka biyo malam daga masallaci.

"Allon da aka rubuta Alƙur'ani a kai shekara da shekaru," in ji malam a hankali, "shi za ka sa wa zarto ka yi abin wasan yara?"

"Ba na wasa ba ne, Allah gafarta malam. Matata ce..."

"Daga ina kake?" wani ya katse shi. "Wa ya aiko ka?"

"A bana? A jihar nan?" in ji wani. "Ku kira 'yan agaji su tambaye shi da kyau."

Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce bawan Allah, ban san damuwarka ba, Allah ya yaye maka, amma tashi ka tafi tun ana ganin mutuncinka. Jatau ya tashi. Takalminsa ma a hannu ya fita da shi. Ya san ko zaure nawa zai shiga daga nan har Ƙaura, amsar ke nan, kuma labari zai riga shi isa.

Ya biya wajen Ɗanbaba ɗaukar gangar jirgin da ya bari. Tsohon ya dubi fuskarsa ya miƙa masa gangar. Sai da Jatau ya juya zai tafi tsohon ya ce, "Kai ba ka da tsohon allo a gidanka?"

Jatau ya kama hanyar tasha. Akwai.

Murtala ɗan fari ne, saboda haka Kulsumu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yaron nan, wancan, shi ke nan. Ba ta taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba, ba ta taɓa yabonsa ba. Ranar da zai tafi aikin soja, mata sun cika gidan, ita tana bayan ɗaki tana tankaɗe kamar ba ɗanta ba. Haka kunya ta ce, haka ta yi. Amma allonsa, wanda ya yi shekara tara yana karatu da shi, ita ta ɗauke ranar da ya ajiye. Rubutunsa na ƙarshe na nan a kai ba a wanke ba, da hannunsa, layukan suna gangarowa hagu yadda malaminsu ya yi ta dukansa a kai bai daina ba. Ta naɗe shi a farin ƙyalle ta rataye a ƙusa bayan gadonta. Jatau ya sha shigowa ya tarar ta sauke shi, da ta ji motsinsa sai ta ce ƙura take kaɗewa. Da za a tafi da ita Ɗan Isa ta so ɗauka, ta ji kunyar Shu'aibu ta bari.

Asabar da hantsi ya shiga ɗakin. Ya daɗe tsaye gaban ƙusar. Ya fita ya sake gwada falankin kafinta, ko Allah ya sa ya miƙe. Bai miƙe ba. Ya dawo ya sauke allon.

Bai yi masa wulaƙanci ba, wannan dai ba mai cewa ya yi. Ya yi alwala. Ya ɗauko sabuwar tasa, ya yi bisimilla, ya zuba ruwa kaɗan kaɗan yana shafawa da tafin hannu. Tawadar ta shekara goma sha ɗaya, da farko ta ƙi, daga baya ta saki. Yana kallo layin farko ya narke ya gangara, na biyu ya bi shi. Da ya zo rabi ya so ya tsaya, amma rabin rubutu ba rubutu ba ne. Ya wanke gaba da baya, ya ɗauraye sau uku, ko ɗigo bai bari ya taɓa ƙasa ba. Ya juye ruwan a kwalba ya toshe. Ya jingina allon a inuwa, a inuwa wannan karon, ya zauna yana gadinsa har ya sha iska.

Sodangi ya shigo ya tarar da shi da zarto a hannu. Ya dubi allon, ya dubi farin ƙyallen da ke ninke a gefe.

"Jatau. Ba dai na ɗakin Kulsumu ba?"

"Riƙe mini nan."

"Ka tambaye ta?"

"In tambaye ta ta zaɓi me? Riƙe mini ko ka fita."

Sodangi ya riƙe. Zarto ya shiga.

Yadda Ɗanbaba ya faɗa haka ne. Jatau ya ɗora tsagaggen daɓen a kai ya zana, ya yanke, ya yi ta kankara da fasasshiyar kwalba har katakon ya koma siriri, bai motsa ba. Ya gasa wayar keke a wuta ya huda ramukan ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya bai tsage ba. Abu guda ne ya ƙi fita. A gefen allon akwai tabon ƙuna, na ranar da ya faɗa wutar makaranta Murtala na ɗan shekara tara, ya cusa hannu ya ciro shi. Ƙunar ta ci ciki, kankara ba ta kai ta. Ya juya zanen ta kowace fuska, faɗin allon bai ba shi damar kauce mata ba. Ta faɗo a bayan jirgin, wajen wutsiya. Fenti zai rufe ta, amma fenti kwana biyu bai bushe ba, kuma ba zai sake hawa kwano ba. Ya bar daɓen da launin icensa.

Kafin magariba jirgin ya tsaya. Sodangi ya zagaya shi sau biyu ya ce wallahi ya fi na hoton. Jatau ya ce ya tafi gida.

Lahadi bayan azahar aka kawo Kulsumu a motar mata, don a lokacin an raba motocin maza da na mata. Matar Shu'aibu da wata suka riƙo ta har tsakar gida. Jatau bai taɓa ganin wuyan hannun babban mutum ya koma haka ba. Aka zaunar da ita a tabarma a inuwar ɗaki, ya ɗauko jirgin ya ajiye a gabanta a kan faifai.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa yatsa ta taɓa hancin.

"Haka yake?"

"Haka yake. Sai dai shi ya fi layin nan namu tsawo, daga nan har bakin masallaci."

"Mutum nawa ke ciki?"

"Sun fi ɗari."

"Ina yake kwana?"

Ya nuna mata ƙananan tagogin da ke jere a gefe. "Nan ciki, ƙasa. Gado bisa gado. Abokinsa ya ce nasa na sama ne."

"Bai faɗowa? Shi da ke juyi."

"Akwai ƙarfe a gefe."

Ta gyaɗa kai. "Ina suke dahuwa?" Ya nuna. "Ina yake salla?" Wannan bai sani ba, ya nuna wani fili a tsakiya, ta karɓa. Matar Shu'aibu ta fara share hawaye da bakin mayafi.

"Ina ya tsaya ranar?"

Abokin ya ce a baya ne, wajen wutsiya. Jatau ya so ya nuna wani wurin. Bai iya ba. Ya ɗora yatsa.

Kulsumu ta kai nata yatsan, ya sauka a kan tabon ƙunar. Ta shafa. Ta sake shafawa. Ta bi gefen icen da farce, ta sunkuya ta shinshina. Sannan ta ɗago ta dubi ƙofar ɗakinta, ta dafa ƙasa za ta tashi. Aka kama ta, ta ture hannun. Da bango ta bi ta shiga. Ba ta daɗe ba ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ina rubutun?"

Ya ciro kwalbar daga aljihu ya ajiye kusa da jirgin. Ya gaya mata duka, kwano da rana da Shinkafi da Zurmi, bai rage ba bai ƙara ba. Ya ce ko ɗigo bai zuba ba.

Ta zauna. Ta ɗauki kwalbar ta ɗaga ta a haske, ruwa ne baƙi-baƙi, ba harafi ko ɗaya. Ta rungume ta a ƙirji. Sai ta buɗe baki, gaban ƙanenta, gaban matarsa, gaban maƙwabtan da suka fara leƙowa, ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba shekara ashirin da takwas.

"Murtala. Murtala ya rasu."

Kukan da ba ta yi ba wata biyu, ranar ta yi shi. Mata suka shigo suka ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin. Da la'asar matar Shu'aibu ta dama fura, ta sha rabin kwano. Washegari ta ci tuwo.

Kwana bakwai ta zauna karɓar gaisuwa. Tana gaida Jatau da safe, tana amsa masa in ya yi magana, ba ta ɗaga ido ta dube shi. A rana ta takwas Shu'aibu ya zo da mota. Ya tsaya a zaure yana murza hula.

"Yaya Jatau, ta ce za ta ɗan ƙara hutawa a wurinmu."

"Har yaushe?"

"Ba ta ce ba."

Jatau ya leƙa ciki. Ta ɗaure kayanta, kwalbar na naɗe a farin ƙyallen nan a saman ƙullin.

"Kulsumu, ga jirgin. Ki tafi da shi, naki ne."

"Na gani, Malam. Na gode. Ka cika alkawari." Ta gyara mayafi. "Amma ba ni iya kwana ɗakin da ƙusar nan take."

"Sai in cire ƙusar."

"Ka cire."

Ta wuce.

Kulsumu ta warke sarai. Ta yi ƙiba, har ta koma saƙar faifai tana aikawa kasuwa. Ba ta nemi saki ba, shi ma bai bayar ba. Duk ƙaramar salla da babba yakan hau babur ya je Ɗan Isa, ta gaishe shi daga bayan labule, a kawo masa ruwa, ya sha ya dawo. Jirgin na rumfarsa a kan kanta, tsakanin matattun rediyoyi, a wurin da rana ba ta kaiwa. Masu kawo gyara kan tambaya ko na sayarwa ne, ya ce a'a. Abincinsa kuwa, tun daga ranar, a kasuwa yake saye.